Kafa Famfon Tsaye a Ɗakin Wanka: Darasi Domin Hakimai da Malamansu

GABATARWA

An shirya wannan darasi domin Hakimai, da Dagatai, da malaman da ke riƙe musu littattafai, musamman na ƙasar Sarkin Ruma da ta Yarima, watau Batsari da Safana, da garuruwan da ke cikinsu irin su Karare, da Wagini, da Ruma, da Runka, da Zakka. Ba nufinmu ba ne Hakimi ya zama mai gyaran famfo. Abin da mu ke so shi ne, in an tashi gyaran ɗakin wanka a gidan sarauta, ko masaukin baƙi, ko ɗakin shan magani, ko gidan malaman makaranta, wanda aka ɗora wa amanar aikin ya san abin da zai duba, da ranar da zai duba shi, da abin da zai rubuta.

Tun daga gyaran ƙananan hukumomi na 1976, da aka rushe tsarin En'e, kuɗin irin wannan aiki ba daga hannun Hakimi ya ke fitowa ba. Ƙaramar Hukuma ce ke biya, ko Gwamnatin Jiha, ko ƙungiyar ci gaban gari, ko mai gida da aljihunsa. Amma ran da bango ya jiƙe ya tsage, ko ruwan wanka ya malala ƙofar maƙwabci, zauren Hakimi a ke kawo kukan. Saboda haka ya wajaba ya san aikin tun kafin ya ɓaci.

1. MENE NE FAMFON TSAYE?

Famfon da aka saba gani a gidajenmu daga bango ya ke fitowa. Bututunsa yana bin jikin bango, in ya yi yoyo nan da nan a ke ganin danshi a gyara. Famfon tsaye kuwa daga ƙasa ya ke fitowa. Sanda ce ta ƙarfe mai tsawon kamar mita ɗaya, wadda a ke kafawa a tsakar ɗakin wanka, bakinta ya lanƙwaso bisa baho. Irin wanda a ke kawowa daga ƙasashen waje yana da hanya biyu a cikinsa, ta ruwan sanyi da ta ruwan zafi, wani ma har da 'yar mesa ta watsa ruwa da hannu. Akwai kuma na gida, wanda mai gyaran famfo ke haɗawa da bututun ƙarfe da kan famfo guda, ya zuba masa kankare a gindi. Irinsa ne a ke gani a wuraren alwala na masallatai. Ƙa'idar kafa su duka ɗaya ce.

Abin da ya raba shi da na bango shi ne, bututun da ke kawo masa ruwa a ƙarƙashin daɓe ya ke. A zamanin da daɓen gidajenmu na ƙasa ne, wanda mata ke bugawa da madaɓi suna yayyafa makuba, in wani abu ya ɓaci a ƙasa sai a tone da safe, kafin la'asar an mayar an daɓe. Daɓen siminti da tayil ba haka ya ke ba. In an rufe shi, an rufe ke nan, babu mai sake ganin abin da ke ƙarƙashinsa sai da guduma. Yoyon da ke can kuwa ba ya magana. Sai ya yi watanni yana jiƙa harsashin gini, gara ta samu hanya, bangon ƙasa ya fara zubewa daga gindi, tukuna a farga. Don haka darasin nan duka a kan abu guda ya tsaya: a duba aikin, a gwada shi, a rubuta shi, tun ba a rufe daɓe ba.

2. TAMBAYA UKU KAFIN A FASA DAƁE

Ta fari: ruwan ya isa?

Yammacin Katsina ƙasar dutse ce. Wanda ya bi hanyar Dutsin-Ma zuwa Safana, ko ya ratsa ƙasar Ruma, ya ga duwatsun da suka fito fili, irinsu ne kuma ke shimfiɗe ƙarƙashin gonaki. Ruwan irin wannan ƙasa yana zaune ne cikin ruɓaɓɓen dutse na sama da tsagogin da ke ƙasa da shi. Shi ya sa wata rijiyar burtsatse ta kan ba da ruwa sosai, wata kuwa kusa da ita ta ba da kaɗan, ta kuma ja baya da bazara. Ko da ya ke an gama madatsar ruwa ta Zobe kusa da Dutsin-Ma tun 1983, akasarin ƙauyukanmu ga rijiya da burtsatse su ke dogara.

To, a yi lissafi. Babban bahon da mutum ke kwanciya a ciki yana cin lita 150 zuwa 200. Wankan bokiti kuwa lita 15 ya ishe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta lita 20 a yini ita ce mafi ƙarancin abin da mutum guda ke bukata don sha da girki da 'yar tsabta. Ashe cika baho sau ɗaya ya cinye rabon mutum bakwai ko fiye. Malaman hadisi sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mudu guda ya kan yi alwala, da sa'i guda kuma ya kan yi wanka, watau mudannabi huɗu, abin da bai wuce kimanin lita 3 ba. In burtsatsen da za a jawo ruwan daga gare shi na jama'a ne, wanda mata da yara ke bin layi da jarkoki, bai kamata Hakimi ya yarda a ɗaura masa babban baho ba. Amma a ɗakin shan magani, inda a ke wanke majinyaci wanda ba ya iya tsayuwa, ko a ɗakin haihuwa, akwai hujjar sa shi.

Ta biyu: ruwan yana da ƙarfi?

Ƙarfin ruwan famfo daga tudun da ya gangaro ya ke samuwa. Sa'ad da aka jawo wa birnin Kano ruwa daga Kogin Challawa, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, bisa Goron Dutse aka gina matarar ruwan, domin ya gangara cikin gari da kansa. Tankin da ke bisa ƙafafun ƙarfe a gida shi ne Goron Dutsen wannan gida. Masana suna auna ƙarfin ruwa da wani ma'auni da su ke kira ba, kuma tudun mita 10 shi ke ba da kimanin ba ɗaya. A ɗauka misali a Karare an ɗora tanki bisa tsawon mita 6, bakin famfon kuwa yana bisa mita ɗaya daga daɓe. Saura mita 5 ke nan, watau rabin ba. Da yawa daga cikin famfunan waje an ƙera su ne domin biranen da inji ke tura ruwa, suna bukatar ba ɗaya ko fiye. In an kafa irinsu ƙarƙashin gajeren tanki, sai ruwa ya riƙa zuba siriri kamar na buta. Mafi ƙarancin ƙarfin da famfo ke bukata yana rubuce a takardar da ke cikin kwalinsa. Lalle malami ya karanta ta kafin a biya kuɗi.

Gwajin wannan ba shi da wuya. A tara jarka mai lita 20 a famfon da ya fi kusa da wurin, a duba agogo. In ta cika cikin minti 2, ruwan yana zuba lita 10 a minti, baho mai lita 150 zai ci minti 15. In sai da ta yi minti 5, bahon zai wuce rabin sa'a bai cika ba, ruwan zafi kuwa ya huce tun a hanya.

Ta uku: wa zai gyara shi?

Kowane famfo yana lalacewa wata rana. Kan famfo na gida, robar cikinsa ce ke cinyewa, ana samunta a kasuwar Batsari ko Dutsin-Ma, yaro mai lura ma ya iya sauya ta. Na waje kuwa, in abin da ke cikinsa ya fashe, sai an nemo irinsa daidai a Katsina ko Kano, wani lokaci ma ba a samu. Shekarun rashin tsaro da ƙasashen gefen dajin Rugu suka gani, musamman daga 2019, sun koya mana cewa akwai lokacin da ma'aikaci daga nesa ba ya iya zuwa. Kayan da mutumin gari ke iya gyarawa sun fi kayan ƙawa amfani.

In amsar ɗaya daga cikin tambayoyin nan ta zama a'a, sai a kafa famfon tsaye na gida, a yi wanka da bokiti ko ƙaramin baho. Babu abin kunya cikin wannan.

3. AWO DA ZANE

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Kada a fasa daɓe sai baho da famfo duka sun iso, an gan su da ido. A ajiye bahon inda za shi zauna, a zagaye gindinsa da gawayi, a sa alamar inda ruwa zai fita, sa'an nan a tsayar da famfon a gefensa a duba abu huɗu. Bakinsa ya leƙa cikin baho sosai, ba a kan leɓe ba. Bakin ya ɗara leɓen baho tsawo da aƙalla santimita 5, watau inci 2. A bar filin da hannu zai shiga tsakanin sanda da baho domin wanki. Kada kuma ya tsaya a hanyar shiga da fita, inda tsoho zai kama shi maimakon sanda.

Sa'an nan magini ya ja layi a jikin bango, ya nuna inda saman daɓe zai tsaya bayan an sa tayil. Nan ne kuskure ya fi yawa. Ma'aikaci ya kan auna daga ɗanyen kankare, ya manta cewa shafe da tayil za su ƙara santimita 3 zuwa 5, sai a wayi gari bakin bututu ya nutse cikin daɓe, famfo ba ya kama shi.

A kuma tuna da nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. In an haɗa ruwa da baho da mutum, nauyin ya kan kai kilo 300, daidai da buhun siminti 6. Daɓen da zai ɗauki wannan sai kankare mai kaurin santimita 10 bisa ƙasar da aka kirɓa ta zauna. Kada a ɗora babban baho bisa benen azara.

4. SHIMFIƊA BUTUTU

Bututu iri uku a ke samu a kasuwanninmu. Na ƙarfe yana da ƙwari, amma yana tsatsa a cikin danshi, musamman a mahaɗa, inda aka yanka masa haƙora. Farin bututun roba ba ya tsatsa, yana da araha, amma na ruwan sanyi ne kaɗai, zafi yana laushe shi, rana kuma tana sa shi tsagewa. Koren bututu da a ke haɗawa da wuta, wanda 'yan kasuwa ke kira PPR, yana ɗaukar zafi da sanyi, shi ya fi dacewa da ƙarƙashin daɓe in an sami gwanin haɗa shi.

Game da faɗi, bututu mai inci uku cikin huɗu ya fi mai rabin inci dacewa da cika baho. Bambancinsu a ido kaɗan ne, amma filin cikin babban ya ninka na ƙaramin sau biyu da ɗan ɗori. Inda tanki gajere ne, wannan shi ke raba famfo mai zuba da mai ɗiga.

Ga ƙa'idodin da za a tsare:

(a) Bututu ya bi hanya mafi gajarta, kuma miƙaƙƙiya, daga bango zuwa gindin famfo.

(b) Kada a bar mahaɗa ƙarƙashin daɓe in da hali, sai gwiwar da ke ɗaga bututu sama. A mahaɗa yoyo ke farawa.

(c) A sa wa bututu riga, watau a zura shi cikin wani bututun roba da ya fi shi faɗi, don kada kankare ya riƙe shi. Bututu yana miƙewa da zafi, yana tsukewa da sanyi, in ba shi da wurin motsi sai ya tsage.

(d) A shimfiɗa masa yashi mai laushi ƙasa da sama, kada tsakuwa mai kaifi ta taɓa shi.

(e) A waje, inda jakuna da amalanke ke bi, a binne shi zurfin rabin mita ko fiye.

(f) In akwai ruwan zafi, hanyarsa ta zama ta hagu, ta sanyi ta dama. Wannan ita ce al'adar masu aikin famfo ko'ina, baƙo ma da ita zai yi aiki.

(g) A sa makullin ruwa a wajen ɗakin, cikin ɗan akwati mai murfi, inda hannu ke kai wa. Ran da famfo ya fashe da tsakar dare, da shi za a tsayar da ruwan ɗakin nan ba tare da an hana sauran gida ba.

5. GINDIN FAMFO

Famfon bango, bango ke riƙe da shi. Famfon tsaye kuwa ba shi da madogara sai gindinsa. Kowa ya san yadda a ke ɓamɓare dutse da doguwar sanda, ƙarfi kaɗan a sama ya zama mai yawa a ƙasa. Haka famfon nan ya ke. In tsawonsa mita ɗaya ne, faɗin gindinsa santimita 10, wanda ya tura samansa da ƙarfin kilo 10 ya ɗora wa ƙusoshin gindi kimanin kilo 100. Yaro ya rataya a jikinsa, tsoho ya dafa shi ya miƙe, yau da gobe sai ya fara girgiɗa, girgiɗar kuma ta sassauta mahaɗar da ke cikin ƙasa.

Maganin wannan shi ne a zuba masa gindi na musamman. A haƙa rami mai faɗin santimita 30 kowane gefe, zurfin santimita 20, a cika da kankare mai kyau: kwanon sarki ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. A bar shi kwana 7 ana shayar da shi ruwa safe da yamma, balle da rani, lokacin da iska ke busar da siminti tun bai yi ƙwari ba. Ƙusoshin gindi su ratsa tayil su shiga cikin kankaren nan. Tayil shi kaɗai ba ya riƙe komai. Haka nan ba a yarda bututun ruwa ya zama shi ne ke riƙe da famfo ba. Don a tabbata sanda ta miƙe, a ɗaura ɗan dutse a zare a rataya a gefenta, a duba ta gaba, a duba ta gefe.

6. RANAR GWAJI

Wannan ita ce ranar da Hakimi ko wakilinsa zai zo da kansa, tare da malaminsa. Ma'aikaci ya kan yi gaggawar rufe rami, domin in ya rufe ne ya ke karɓar kuɗinsa. Saboda haka tun a takardar yarjejeniya a rubuta cewa ba za a zuba daɓe ba, ba kuwa za a biya kashi na biyu ba, sai an yi gwaji an sa hannu.

Ga yadda a ke yinsa. A cika tanki, a buɗe ruwa ya bi bututu har iska ta fita duka, sa'an nan a toshe bakunan bututu. A rufe sauran famfunan gidan, a tsayar da injin burtsatse. A goge kowace mahaɗa ta bushe, a shimfiɗa busasshiyar takarda ko toka a ƙarƙashinta. A tsoma sanda mai tsabta cikin tanki, a sa alama inda ruwa ya tsaya, a rufe murfi. A bar shi kwana ɗaya cif, daga hantsi zuwa hantsi.

Kashegari a duba takardu da toka, a shafa kowace mahaɗa da yatsa, a sake tsoma sandar nan. A tanki mai lita 1,000, wanda faɗinsa ya kai kamar mita ɗaya, saukar santimita ɗaya na nufin lita 8 zuwa 10 sun tafi. Kada a yarda da wanda ya ce ɗigo ne kawai, siminti zai toshe shi. Siminti ba ya toshe yoyo, ɓoye shi ya ke yi. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa ya kan tara kimanin lita 20 a yini, watau jarka guda, a wata lita 600, duka kuwa a gindin bango za su zauna. In ma'aikaci yana da famfon gwaji na hannu mai agogo, ya fi kyau: a tura ruwa har ƙarfinsa ya kai ninki ɗaya da rabi na wanda bututu zai ɗauka kullum, a jira sa'a guda, allurar agogo kada ta sauka. In an sami yoyo, a gyara, a sake gwaji daga farko.

Kafin a rufe ramin, malami ya auna nisan bututu daga bango biyu, ya zana taswirarsa a littafi, a kuma ɗauki hotonsa da waya. Bayan shekara goma, sa'ad da ma'aikacin ya ƙaura, malamin kuma ya bar aiki, taswirar nan ce za ta hana a fasa daɓe duka don neman bututu guda.

7. RUFE DAƁE DA KAFA FAMFO

A bar ruwa cikin bututu yayin da a ke zuba kankare, domin in shebur ya huda shi a gani nan take. Daɓen ya karkata zuwa rariya da santimita 2 a kowace mita. Gwajinsa shi ne a watsa bokitin ruwa a kowace kusurwa, a ga ko ya tafi da kansa ko ya kwanta.

Kafin a ɗaura famfon, a saki ruwa ya zuba cikin bokiti har ya fito garau. Yashi da ɓarɓashin roba da suka maƙale a bututu su ke kashe sabon famfo tun makon farko. In burtsatsen yana kawo yashi, a sa mataci a bakin tanki. Inda sanda ta ratsa daɓe a like kewayenta sosai, don kada ruwan wanka ya riƙa bi ta nan yana sauka ƙasa.

Akwai wani hatsari da ba kowa ya san shi ba. In ruwa ya yanke a tanki alhali bakin famfo ko mesa yana nutse cikin ruwan wanka, bututu ya kan zuƙi ƙazamin ruwan ya koma da shi baya, daga nan ya fito ta famfon da a ke sha. Wannan ne dalilin inci 2 da muka ce a bari tsakanin bakin famfo da leɓen baho, shi ne kuma dalilin da ya sa ba a barin mesa kwance cikin baho. In an sa tukunyar lantarki ta dafa ruwa, lalle a haɗa ta da wayar ƙasa, makunninta kuma ya kasance a wajen ɗakin.

8. INA RUWAN WANKA ZA SHI?

Wanda ya shigo da ruwa cikin ɗaki, wajibi ne ya san hanyar fitarsa. Bututun fita ya zama mai inci ɗaya da rabi ko biyu, ya gangara santimita 2 da rabi a kowace mita. A ƙarƙashin baho a sa masa lanƙwasa wadda ke riƙe ɗan ruwa kullum, ita ke hana wari da kyankyasai dawowa ɗaki.

Kada a saki ruwan nan a lungu, domin sauro ya ke haifarwa, da faɗan maƙwabta. Kada kuma a juya shi cikin masai, domin zai cika shi da wuri, ya jiƙa bakinsa har ya rufta. A haƙa masa kwatami nasa, a cika da duwatsu, a rufe da murfi. Ya yi nisan mita 5 daga harsashin gini in fili ya bari, da nisan aƙalla mita 30 daga kowace rijiya, kuma ta gangare da ita. A ƙasar dutse irin tamu a ƙara nisan in da hali, domin ƙazanta tana gudu cikin tsagar dutse ba tare da ƙasa ta tace ta ba. A shekarar 1854, a birnin Landan na Ingila, cutar amai da gudawa ta kashe mutum fiye da 600 a unguwa guda. Likita John Snow ya bi diddigi ya gano daga rijiyar famfo ɗaya su ke sha, daga baya aka tarar ramin ƙazanta na wani gida bai kai mita ɗaya daga rijiyar ba. Cutar nan ba ta bar mu ba. A 2021 an sami fiye da mutum 100,000 da a ke zaton sun kamu da ita a Nijeriya, Jihar Katsina kuwa tana cikin waɗanda ta taɓa.

9. ABIN DA MALAMI ZAI RUBUTA

A buɗe wa kowane aiki shafi nasa, a rubuta waɗannan:

1. Wurin aiki, da wanda ya ba da kuɗi, da sunan ma'aikaci da garinsu.
2. Inda ruwa ya fito, da girman tanki, da tsawon ƙafafunsa.
3. Mintocin da jarka ta yi kafin ta cika.
4. Irin bututu, da faɗinsa, da yawan mahaɗan da ke ƙarƙashin daɓe.
5. Ranar zuba gindin famfo, da ranar ɗaura shi.
6. Ranar gwaji, da alamar tanki ta farko da ta biyu, da sunayen shaidu.
7. Taswirar bututu, da inda makullin ruwa ya ke.
8. Nisan kwatami daga gini da kuma rijiya mafi kusa.

A ajiye takardar cikin kwalin famfo tare da shafin nan. In ginin na hukuma ne, a aika da kwafi ga sashen ayyuka na Ƙaramar Hukuma. Abin da ya shafi burtsatsen jama'a kuwa, a nemi shawarar RUWASSA, watau hukumar Jihar Katsina mai kula da ruwan sha da tsabtar karkara.

10. BAYAN AN GAMA

Sau ɗaya a wata a kama saman famfo a girgiza a hankali, in ya motsa a ɗaure ƙusoshinsa a ranar. Sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta, a maimaita gwajin sanda a tanki. A lura da gindin bango ta waje: danshi da rani, ko ciyawa ɗanya inda ba a zuba ruwa, alamar yoyo ce. A kuma gargaɗi iyalin gida kada a bar ruwa cikin baho bayan wanka, domin ruwa kaɗan ya isa ya halaka ƙaramin yaro.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa yoyon famfon tsaye ya fi na famfon bango hatsari?
2. Tanki yana bisa mita 8, bakin famfo bisa mita ɗaya. Takardar famfo ta ce yana bukatar ba ɗaya. A saya ko kada a saya?
3. Jarka mai lita 20 ta cika cikin minti 4. Minti nawa baho mai lita 150 zai ci?
4. Ruwan tanki mai lita 1,000 ya sauka santimita 3 a ranar gwaji. Kimanin lita nawa suka tafi, me kuma za a ce wa ma'aikaci?
5. Don me a ke barin tazara tsakanin bakin famfo da leɓen baho?
6. Zana taswirar ɗakin wanka guda a garinku, ka nuna rariya, da kwatami, da rijiya mafi kusa.

Ana roƙon Hakimai su sa a karanta wa Dagatai da Masu Unguwanni wannan darasi a zaman majalisa, a kuma kira magina da masu gyaran famfo na gari su ji da kunnensu, domin kowa ya san ƙa'ida tun aiki bai taso ba. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.